Wanda Duna Yake Tarba

Zuwa ga Yaya Ummaru, soja a Bama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya kai da abokan zamanka. Inna da Baba suna lahiya, sai kewarka.

Akwai abin da ban faɗa ma kowa ba. Kwanaki karenka Duna ya daka ma Liman tsalle, ya ɓata mashi farar riga da lakar fadama. Baba ya ce ko ya bari, ko a kai shi daji. Sai na shiga horar da shi. In ya ɗago ƙafafu sai in juya mashi baya, in ya zauna in ba shi ƙanzo. Yanzu ko baƙo ya shigo, zama yake yi.

Amma tun makon jiya, kullum da la'asar sai ya ruga bakin zaure shina kaɗa wutsiya, ya miƙe, ya ɗora ƙafafu bisa iska daidai ƙirjin mutum. Babu kowa wurin, kuma ba ya faɗuwa. Har kai yake lanƙwasawa kamar ana shafa shi. Inna ta ce, "Mi kike kallo, Hauwa? Labaran masoyan nan sun cika maki kai." Yaya, kai kaɗai yake ma irin wannan tarba.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida 'yan ƙasarmu. Na so in yaga takardar ga, amma mai zuwa Sakkwato zai tashi da hantsi, kuma zan ba shi ya kai ta gidan waya. In kana can, za ta iske ka.

Ƙanwarka Hauwa,
Wurno