Takun Baba Na Ƙarshe

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau. Mama ta koma ba shukokinta na baranda ruwa, har ta fara yi mana faɗa, wanda muka ɗauka alamar sauƙi ce. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa wasan yaƙin nan na kwamfuta da ƙanwarmu Injiniya ta ƙera, wanda kuke bugawa bi da bi kai da Baba, ya daina buɗuwa, alhali kana son ganin takun da ya yi kafin a kwantar da shi a asibiti. Ka kuma ce ba ta ɗaga wayarka. Kunya ce ta hana ta, shi ya sa na karɓi bayanin.

Ka san mitar Baba a kan taswirar wasan. Yakan ce duk tsawon koyar da labarin ƙasa da ya yi, bai taɓa ganin kogin da ke hawa dutse ba sai a aikin 'yarsa, ita kuma ta ce ai ruwan nata ne mai himma. To, zaman jinyar nan da muka yi, a kan bencin barandar asibiti ta ɗora kwamfuta a cinya ta bi sawun kuskuren. Ta gano cewa manhajar tana shata koguna kafin ta tayar da duwatsu, sai ta sauya jerin. Burinta ranar sallama ta nuna masa ruwa yana gangara kamar na Allah. Bai gani ba.

Abin da ya sha mata kai shi ne wasan ba ya ajiye taswirar kanta. Lamba ɗaya yake riƙewa, wadda daga ita ake haifar da ƙasar duk lokacin da kuka shiga, sai kuma jerin takunku. Bayan gyaran, lambar nan ta haifi wata duniya daban. Birnin Baba ya faɗa tsakiyar teku, wasan kuwa da ya ga haka sai ya rufe kansa. Tsohon rubutun manhajar a kansa ta yi sabon, ba ta ajiye kwafi ba. Ta yi ta ƙoƙarin mayar da kuskuren inda yake, amma ta taɓa wasu ƙananan abubuwa a hanya, kowace taswira ta fito sai ta yi kama da taku, amma babu tabbacin ita ce. Garin neman gira an rasa ido.

Jerin takun dai ya tsira, mun karanta shi tare. Baba ya ɗauke babbar rundunarsa daga ƙofar birninka, ya matsar da ita wani gurbi da ke yamma a taswirar, bai kai hari ba. Abin da ke wannan gurbin ne ba mu sani ba. In fili ne, hanya ya buɗe maka. In tudu ne, tarko ya ɗana. Mama ta ce yadda ta san mijinta, ko a gadon asibiti ba zai bar wa ɗansa nasara a banza ba.

Yaya, mutum biyu ne suka san ƙasar nan, yanzu saura kai kaɗai. Ka ɗauki fensir ka zana abin da ka tuna tun bai dushe ba, ka turo wa Injiniya, ba ni ba. Ta ce da zanen a hannunta za ta iya gane taswirar gaskiya in ta fito. In kuma ba ta fito ba, aƙalla za ta ga ba ka riƙe ta a zuci ba.

Ka gaida Anti da 'yan biyu. Mama da Kawu Direba suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Ta Tsakiya