A Binne Shi Gindin Mangwaronmu

Assalamu alaikum, Yaya Mofizul,

Ka gafarce ni da na dame ka ana tsakiyar girbin shinkafa. Yaya Inna da ƙafarta? A gaida yara.

Muna nan asibiti a birnin Chennai, alhamdulillahi. Maigidana, Baban Shirin, yana ɗan cin abinci, sai dai kullum ya ce kifinsu bai kama ƙafar na koginmu ba. An ciro masa ƙari daga mafitsara. Bayan awo, aka ba mu ɗan naman a daskare cikin kakin kyandir. Likita ta ce mu adana, za a iya sake dubawa. Tsoro ya hana ni tambayar dalili.

Jiya ya ce, "Maman Shirin, aika naman nan gida a binne gindin mangwaron da muka dasa shekarar aurenmu. Ko ban koma ba, wani yankina dai ya koma." Na yi masa dariya, na fita na yi kuka.

Don Allah ka tambayi liman: ya halatta in riƙe naman mutum a jakata, ko binnewa ya wajaba? Ka amsa mini da wuri, Yaya, ban san me zan ce wa Baban Shirin ba.

Ƙanwarka,
Monowara