Bakan Gizo a Rijiyar Kakanni

Anti Hadijatu, don Allah ki taimake ni. Abin nan ya tsaya mini a wuya, kuma ni ba mai baki ba ce a gida.

Shekaruna sha shida, a Jiwa muke. Akwai rijiya tsakanin gidanmu da gidan su Juliet, ƙawata tun muna wasan ƙasa. Marigayi kakana da kakanta, Baba Abraham, su suka haƙa ta, lokacin bayan gidanmu gonar doya ce, ba gidan mai ba. Ruwanta sanyi kamar na randa. Da Sallah mu kai musu tuwo, da Kirsimeti su kawo shinkafa, duka da ruwan rijiyar ake dafawa. A bakinta nake ɓuya in karanta littattafan soyayya, in leƙa in ga fuskata, ina tunanin... kin dai gane.

Bayan damina na fara ganin launi a saman ruwan, shuɗi da ja da ruwan goro, kamar bakan gizo. Wallahi Anti burge ni ya yi. Na ɗauka wata alama ce irin ta littafi, na ɓoye abina. Sai bayan wata guda shayi ya fara warin mai. An yashe rijiyar sau biyu, warin ya dawo. Nan kakarmu, Kaka Barira, ta tuna ta ga Juliet da galan ɗin kalanzir a wurin wata Asabar, ta ce ita ta zubar. Yanzu ko gaisuwa babu, an sa wa rijiyar kwaɗo, ruwan leda na fiya wata muke saye. Juliet ko kallona ba ta yi a makaranta.

Ni kuwa na san launin ya riga Asabar ɗin da makonni. In na faɗa, za a ce me nake yi a bakin rijiya, kuma me ya sa na bar ƙannena suna sha. Ina kewar zamanmu na da, Anti. Ya zan yi?

Mai Kewar Rijiya, Jiwa

’Yata, ruwa ba ya tsami banza, Kaka ta yi gaskiya a nan, sai dai ta kama wadda ba ta ci ba. Kalanzir ɗin galan ɗaya, yasar rijiya sau biyu za ta kwashe shi. Warin da ke dawowa daga ƙasa yake tasowa, kuma na fi zargin tankin gidan man nan da ke binne yana yoyo.

Kada a sha, kada a yi girki da shi, tafasawa ba ta gyara shi. Kada kowa ya sake shiga yasa, kada a kusanto da wuta. Iyayenku da su Baba Abraham su je wurin mai unguwa tare, a kai ƙara hukumar kula da muhalli, a auna ruwan, a duba tankin. In shi ne, sai an tono shi an kwashe ƙasar da ta jiƙe. Zai ɗauki lokaci, wataƙila rijiyar ba za ta koma yadda kika san ta ba.

Shirunki na farko rashin sani ne, ba wanda zai kama ki da shi. Na yanzu kuwa Juliet ke biyansa. Ki sami Mama yau ki faɗa mata ranar da kika fara ganin launin, har da zancen littattafan. Faɗa ne na yini ɗaya. Daga nan ki shiga gidan su Juliet da ƙafarki.

Muna yara ana ce mana bakan gizo shanye ruwan sama yake yi. Naku ya riga ya sha rijiya, kada ki bari ya haɗa da zumunci. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, ki gaishe mini da Juliet.

Anti Hadijatu