Gidanmu na Rabah da keken Baffa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Litinin, domin ranar za a sa ni rantsuwa gaban hakimi.

Ni tsoho ne, na haura tamanin, a Rabah aka haife ni. Ina saurayi, 'yan shekaru kafin tafiyar Turawa, gwamnati ta kawo bashin gina gida ga mutanen karkara, a ba ka kuɗin azara da kwano da ƙofofi, kana biya duk kaka. Sharaɗinsu guda, mai gida ya dangwala yatsa a takarda. Babanmu manomin albasa ne, yana son gidan, amma ya ce shi yatsansa ba ya hawa takardar Nasara, don a lokacin kowa ya yarda wanda ya dangwala sunansa ya shiga littafin masu aikin tilas. Sai ya tura ƙanensa Baffa Ummaru, wanda yake malamin awon auduga, dama shi ya saba da biro. Takarda ta fito da sunan Baffa, gida kuma na babanmu, duk gari an sani.

Yadda ake biya kuwa, in baba ya kai albasa kasuwar Wurno ya dawo, sai ya ƙulle kuɗin a tsumma ya tura ƙarƙashin buzun da Baffa ke salla a kai a zaure. Ba ya cewa ga shi, Baffa ba ya cewa na gani. Wa zai nemi shaida a kan ƙanensa, ai abin kunya ne.

To yanzu duk sun rasu, ni ke cikin gidan da matar marigayi ɗana da marayunta. Kwatsam sai ga jikokin Baffa daga birni, babbansu wani Nasiru, sun tono takardar a cikin tsohuwar adaka, wai gidan kakansu ne. Sun ji an sake buɗe bashin gidaje na gwamnati, suna so su sayar da nan su haɗa kuɗin somin biya su karɓi gida a birni. Yaran da ko kwana ɗaya ba su taɓa yi a ɗakin nan ba! Nasiru ya shigo zaure da takalmi, yana toshe hanci da hankici wai warin albasa, alhali kakansa da kuɗin albasar nan aka yi masa aure. Bai iya ko durƙusawa ba, daga tsaye ya miƙo mini hannu kamar mun yi wasan ƙasa tare. Na tambaye shi ina kabarin Baffa yake, ya hau latsa waya. Na ce masa, “Kai yaro, mi kaka nema wurin mutumen da ba ka san inda anka bizne shi ba?” Ya ce shi dai doka takarda ta sani. Wallahi ban taɓa ganin ilimin da ya tashi a banza irin nasu ba, in da a ce hankali ake dubawa ko akuya ba zan ba su kiwo ba.

Muka je gaban hakimi, dattawa suka faɗi abin da suka ji daga iyayensu. Hakimi ya ce tunda babu wanda ya ga biya da idonsa sai ni, in dafa Alƙur'ani in ce babanmu ne ya biya bashin nan kaf, magana ta mutu, su Nasiru ma sun amince da haka don sun ɗauka burga nake.

Ga inda ciwon yake, ban taɓa gaya wa kowa ba. Akwai shekara biyu a jere da gulbi ya cika ya cinye fadamarmu ta wajen Goronyo, ba a sa komai ƙarƙashin buzu ba. Su ne kuma shekarun ƙarshe na bashin. Baba ya rame don tunani, yana jiran ranar da za a zo a ɓamɓare kwano a gaban mutane. Sai Baffa ya zo ya ce masa Turawa sun yafe saura tunda za su tafi. Baba ya yi ta murna har ya yi sadakar fura. Ashe ƙarya ce, Baffa kekensa ya kai Wurno ya sayar ya biya, ya koma zuwa wurin aiki a ƙasa, yana cewa ƙafa ce ke son motsi. Ni na gane keken a hannun wani mai sayar da goro, na tare Baffa da maganar, ya kama kunnena ya ce, “In ka hwaɗa ma Yaya, ban yahe maka ba.” Baba ya rasu bai sani ba.

Yanzu in na faɗi gaskiya, jikokin nan suna da kaso a gidan, kuma na san su, ba za su jira in nemo kuɗin fansa ba, sayarwa za su tilasta, marayun nan su koma raɓe gidan mutane. In na rantse kuwa gida ya tsira, babu mai rai da zai ƙaryata ni. Su Nasiru ba su cancanci ko tubali ɗaya ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa, kuma ina jin takaicin a ce alherin mutumin kirki irin Baffa su ne za su ci shi.

Malamai da masu hankalin cikinku, yaya zan yi? Akwai hanyar da zan biya kason Baffa a hankali ba tare da an sayar da gidan ba? Ni dai na gwada furta rantsuwar ni kaɗai a ɗaki, in ce Baffa bai sa ko anini ba, harshena ya ƙi, kuma ban san bakin da zan ce wa yaran ɗana su fara ɗaure kaya ba.