Alhaji, Tankar Sadakarka Ba Ta Wanke Rijiyarmu Ba

Zuwa ga Alhaji mai kamfanin fata na bayan Kawaji,
Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya mahaifiyarka. Allah ya ƙara mata lafiya, amin.

Sunana Malama Sa'adatu, matar marigayi Malam Idi Direba. Idan sunan bai faɗo maka ba, tambayi Hajiya. Shi ne ya yi wa mahaifinka tuƙi har idonsa ya gaza, shi ne kuma yake kai ka makaranta kana birgima a bayan mota wai kai ba za ka je ba. Ni na koyar a firamare har na yi ritaya. Yanzu aikin da unguwa ta san ni da shi shi ne wankan gawar mata. Ban rubuta sunanka a nan ba saboda darajar mahaifinka, amma duk wanda ke shaƙar iskar Kawaji ya san da wa nake.

Ban so ta kai mu ga jarida ba. Na zo gidanka da ƙafata, na sake zuwa, na kuma sake. A zuwan ƙarshe maigadinka, wani bawan Allah mutumin Jigawa, ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. An ce in dai maganar ruwa ce, ga famfo nan a jikin katanga, ki ɗiba, sadaka ne." Ta kafar ƙofa ina hango mai lambunka da dogon tiyo yana shayar da ciyawa. Ban ga laifin maigadi ba, abin da aka sa shi ya faɗa. Na juyo gida raina yana tafasa, kuma har yau bai huce ba.

Na farko, maganar rijiya. Malam Idi ya haƙa ta shekarar da muka tare a gidan nan. Ruwanta garai-garai, mai daɗin sha, gidajen layinmu duk a nan suke ɗiba ba a taɓa hana kowa ba. Tun da ka faɗaɗa kamfani aka saki kwatarka cikin rafin da ke bayanmu, wani lokaci baƙa, wani lokaci shuɗiya, da kumfa a kanta, muka fara ganin canji. Da fari wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Sai ruwan ya koma kalar toka. In ka yi wanka da shi jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, in ka dafa shinkafa ta fito da wani ɗaci a bayan harshe. Jikokina sun yi ƙuraje har tsakanin yatsu.

Liman ya zo da kansa ya ja guga, ya duba, ya sansana, ya ɗanɗana ya tofar. Ya ce ai ba sai an buɗe littafi ba, ruwan da launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa suka canja ba a alwala da shi. Rijiyar masallaci ma haka ta zama. Alhaji, na ga dattawa da farin gemu suna taimama a bakin rijiyar da ke cike da ruwa, a tsakiyar Kano, ba a daji ba.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Yayata Asabe, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta dawo wurina da zama bayan rasuwar mijinta, ta cika da safiyar wata Juma'a a bazarar da ta wuce. Ban ce ruwanka ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare, ba kuma zan yi maka ƙarya don ina fushi ba. Maza suka ce a yi sauri a kai ta kafin masallaci. An haƙa kabari, an ɗinka likkafani, na daka ganyen magarya, ga kafur a ajiye. Ruwa ne kawai babu. Famfon gwamnati mun manta rabonmu da shi. 'Yan garuwa daga rijiyoyin unguwa suke ɗebowa, su ma duk sun lalace. Tankar ruwan da kamfaninka ke aiko mana kuwa ranar ba ta zo ba, ba wanda ya san dalili.

Ina tsaye a kan gawar 'yar'uwata, taku kaɗan tsakanina da rijiyar gidanmu, ba ni da ruwan da zan zuba mata. Ɗana Kabiru ya hau acaɓa da jarkoki ya nufi GRA, famfon jikin katangarka. Ya tarar da layi, ya roƙi mutane suka yi masa alfarma, amma famfon yana zuba kamar ana matsa shi. Rana ta take. Ɗaki ya ɗauki zafi. Daga zaure ana ta aiko min, "Malama, har yanzu ba a gama ba? Jama'a fa sun fara tafiya masallaci." Me zan ce musu? Na zauna ina yi mata fifita ina korar ƙuda, ina kuka, ina ba ta haƙuri kamar tana jina.

Da ruwan ya iso, auna shi na riƙa yi da moɗa kamar magani. Matan unguwar nan da na wanke ban san adadinsu ba, kowacce na sake mata ruwa yadda ya kamata. Yayata ce kaɗai na yi wa rowa. Sai bayan la'asar aka kai ta, rabin waɗanda suka zo da safe ba su samu sallarta ba. Muna zaman makoki wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ba don famfonsa ba da yau mun shiga uku." Mata suka amsa da amin. Ni na ƙi cewa amin.

Na uku, rubutun jikin tankarka. An rangaɗa shi da koren fenti, manyan baƙaƙe: Sadakatul Jariya. Ni ba malamar Larabci ba ce, amma a Islamiyya an gaya mana ma'anarsa sadaka mai gudana. Alhaji, abin da ke gudana daga wurinka zuwa wurinmu dare da rana, ba fashi, ba ranar Juma'a ba ranar Sallah, kwata ce. Tankar kuwa sai ta ga dama. Kuma tun yaushe mayar wa mutum abinsa ya zama sadaka? Sadaka ita ce ka ba ni abin da ba ka ci mini ba. Mu da ruwanmu a tsakar gida, ka ɓata shi, ka mayar da mu masu tsayuwa a rana da bokiti, matan aure da tsofaffi ana ture juna, sannan a ce mu yi maka addu'a. Har mai ɗaukar hoto aka taɓa turowa. Ka kira ta tankar biyan hakki mu san inda muka dosa, amma kalmar sadaka ka bar ta, ba taka ba ce a nan.

Abin da ya ƙara tunzura ni, kwanan baya manajanka ya zo da mai unguwa, wai kamfani ya yanke shawarar cike rijiyoyin layinmu da ƙasa a shafe bakinsu da siminti bayan Babbar Sallah, don lafiyar yara. Da na ce ban yarda ba, ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, Alhaji ya ɗauki nauyin ruwanku, me kuma za ki yi da rami?" Rami. Mijina ya yi wa gidanku bauta shekara da shekaru, abin da ya bar min a duniya ɗakunan nan ne da wannan rijiya. Ba kwatar za a toshe ba, rijiyar za a toshe. Na gane lissafin: ranar da aka rufe ta, babu sauran abin da za a ja da guga a nuna wa mutane.

Na huɗu. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan, da ƙafa muka fita muna kabbara, motocin kamfaninka ma sun yi jigilar jama'a, an yaba maka. Mun ɗauka daga ranar mai ƙarfi ba zai ƙara cutar maƙwabcinsa ya kwana lafiya ba. An fasa kwalaben giya mun yi murna. To gubar da ake zuba wa Musulmi a ruwan alwala, a wane babi take? Dokar ƙasa ma ta ce kamfani ya tace ruwan dattinsa kafin ya sake shi, ba ni na ƙirƙira ba. Wasu ma'aikata sun zo sun ɗebi ruwan rijiyata a kwalba, daga nan suka shiga kamfaninka, suka jima, suka fito, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Amma duba-gari bai sha wahalar gano gidana ba ranar da ruwan wanke-wanke ya kwanta a ƙofa. 'Yan takara kuwa duk zaɓe sai sun zo, su toshe hanci da hannun babbar riga, su yi alkawari, mu jefa ƙuri'a, wari ya ci gaba.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Ka hana manajanka taɓa rijiyata da ta kowa. Ka gina wurin tace ruwan kamfaninka, ka daina sakin ɗanyen datti a rafi. A yashe rijiyoyinmu, a kawo masu gwaji waɗanda ba a kamfaninka za su ci abincin rana ba, su faɗi sakamako a gaban jama'a a ƙofar masallaci. Kafin nan tanka ta riƙa zuwa kullum, a kuma goge wancan rubutu. Sannan ka zo da kanka, ba wakili ba, ka ja guga ɗaya. Ba zan ce ka sha ba.

Na haura saba'in, na san layi ya matso kusa da ni. Na tara 'ya'yana na yi musu wasiyya: ranar da na mutu kada ɗigon ruwan tankarka ko na famfonka ya taɓa jikina. Na so in ce a yi min taimama kawai a naɗe ni, Liman ya ce ba ya halatta muddin ana iya samun ruwa. Na ce to su nemo shi ko daga ina ne, ko da zan kwana a kan tabarma ina jira. Kabiru ya yi kuka ya ce, "Umma, wannan ai wulaƙanta ki za mu yi." Na ce masa ba ku ba ne. Idan rijiyar ubanku ta warke, ku wanke ni da ita, ku sake min ruwa sosai. Ko za ta warke kafin ranar, wannan yana hannunka, Alhaji.

Allah ya shirye mu da kai, ya tsarkake maka dukiyarka, ya ba ka ikon sauke hakkin mutane tun kana da numfashi. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi mana alheri ba mu manta ba. Kai kuma ranar da taka ta zo, ina roƙon Allah ya sa a samu ruwa mai tsarki a gidanka, kada 'ya'yanka su tsaya layi a jikin katangar wani.

Wassalam.

Malama Sa'adatu,
Kawaji, Kano.