Sunan da Na Goge

Birni, Damagaram
9 ga Afrilu, 2012

Zuwa ga Yaya Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya zafi, yaya kuma haƙuri da wannan shekara? Mu nan lafiya lau, sai dai ruwan famfo da ba ya zuwa sai ya ga dama. Matata Ramlatu tana gaishe ki.

Na rubuto miki ne saboda Baba ya daina karɓar kirana a salula, ke kuwa na san halinki, ko za ki zage ni sai kin karanta har ƙarshe. Na ji abin da ya faru ranar rabon hatsi a Garagumsa. An kira sunaye tun hantsi har la'asar, Baba yana zaune yana jira, ba a kira shi ba, ya koma gida da buhunsa a naɗe a hammata. Yaya, ba mutanen meri, wato ofishin magajin gari, ne suka cire shi ba, ba kuma maigari ba ne. Ni ne.

Kin san kamfaninmu ƙarami ne, mu shida ne har da direktanmu Malam Tahiru. Aikinmu rubuta manhaja, wato tsarin da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi. Da proje, wato shirin agaji mai raba cimaka, ya nemi wanda zai tsara masa sunayen magidanta, mu muka samu aikin, muka yi murna har da yanka kaji. Muka sa wa manhajar suna Adali. Babban abin da suka roƙa shi ne kada mutum ɗaya ya ci rabo biyu, kuma ni aka ba wannan sashe. Sai na koya wa na'urar cewa in ta ga suna ɗaya, sunan uba ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, ta bar na farko ta goge na biyu.

Na manta da abin da ko akuyar garinmu ta sani. Dattawanmu ba su da ranar haihuwa. A kartinsu na shaidar ɗan ƙasa an rubuta an haife su wajen shekara kaza, kwamfuta kuwa duk ta mayar da su ɗaya ga Janairu. Ga shi Nomau Musa biyu ne a garinmu, kuma sa'annin juna: Nomau Gajere na bakin rijiya, da Baba, Nomau Dogo. Abin da ya fi ci mini rai, a takardar rajista ta farko akwai gurbin laƙabi. Ni na cire shi da hannuna, don ina jin kunya Turawan proje su ga ana rubuta Dogo da Gajere da Mai-Jaki a takardar aiki. Wai ni nan mai ilimi.

Ba Baba kaɗai ba ne, magidanta sama da ɗari uku abin ya shafa a ƙasar Takieta. Na gyara, na maido da gurbin laƙabi. Sai dai proje ya ce ba za a mayar da kowa ba sai an ɗauki hotonsa. Za mu zo garinmu ranar ashirin ga wata. Don Allah ki lallaɓa Baba ya fito. Na ba direban motar kasuwa buhun gero ɗaya, na san ba zai kai mutum goma sha huɗu ko'ina ba, amma shi ne abin da ƙarfina ya kai.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Mutari


Birni, Damagaram
6 ga Mayu, 2012

Yaya Hajara,

Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Na ji an ce Ladi 'yar autarki ba ta jin daɗi, Allah ya ba ta sauƙi. Ki rage mata cin anzar nan, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci, in da hali, ko da yake na san magana ce ta wanda yake zaune a birni.

Kin dai gani da idonki ranar ashirin. Mun shimfiɗa tebur a ƙarƙashin gawo, mun rataya farin ƙyalle don hoto, muka wuni ba wanda ya matso. Mutanen da suka goya ni suna wucewa ta bayan danga. Na gode da ruwan da kika kawo mana, na kuma ga yadda matan gari suka bi ki da ido.

Abin da ba ki sani ba shi ne yadda maganar ta cika Damagaram. Tun da tsohuwa Falmata ta ƙauyen gabas ta rasu, wani dattijo ya bi bayanta cikin mako guda, kuma dukansu suna cikin waɗanda aka goge, sai aka ce na'urar tana ganin ajali. Wai duk wanda ta share sunansa ba zai ga damina ba. Wasu suka ce a'a, ba gani take ba, ita ke kira. Yanzu ba mai ce mata Adali, sunanta Mai-Goge. Ana faɗa a kasuwa, ana faɗa a kan kabu-kabu, ana bugo waya a rediyo ana rantsuwa. Malam Tahiru ya shiga rediyon ya yi bayani da Faransanci ya sake da Hausa, liman ya yi huɗuba cewa ajali na Allah ne. Kowa ya gyaɗa kai, ya fita yana cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Ni kuma ba ni da bakin musu, don na san tsofaffin nan da sun samu hatsinsu wataƙila da sun ƙara kwana. Mutane sun yi kuskure a dalili, amma ba su yi kuskure a inda suka nuna yatsa ba.

Abin da ya ci Doma kuwa bai bar Awai ba. Mai kantin magani a Zengo, wanda shekara uku yana aiki da wata manhajarmu ba ta taɓa ba shi matsala ba, ya aiko a zo a cire ta, wai masu saye sun ga tambarinmu a allonsa sun daina ba da sunansu. Wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta ta bi sahu, iyaye sun ce ba a sa sunan 'ya'yansu a ciki. Malam Tahiru ya sa muka sake wa Adali suna, muka mayar da koren allonta shuɗi. Kwana biyu aka yi aka fara cewa Mai-Goge ta sake riga. Ramlatu ma ta daina zuwa layin famfo, tun da wata ta janye bokitinta daga kusa da nata.

Na karanta saƙon Baba da kika rubuto. Ya ce shi bai yarda da zancen ajali ba, wannan shirme ne. Amma ba zai zama na farko da zai tsaya gaban abin da ya kunyata maƙwabtansa ba, kuma kada in kuskura in mayar da sunansa shi kaɗai, ko a mayar da kowa ko a bar shi. Kin ce buhun da na aiko ma ya raba shi tiya-tiya ga gidajen da aka goge. Wannan Baba ne, ban yi mamaki ba. Sai dai na kasa cin abinci ranar. Rabo na gaba saura mako uku, in bai samu ba, irin shukan da ya rataya a ɗaka za a sauke a ci, daga nan kuma babu noma bana.

Ki gaya mini abin da zan yi, ke ce babba. Ni dai dabarata ta ƙare.

Naki,
Mutari


Birni
21 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, da fatan Ladi ta ji sauƙi. Takardar nan gajera ce, ki karanta ki ƙona.

Na mayar da sunan Baba. Ina da hotonsa na ranar ɗaurin aurena, na yanke shi na saka, na rubuta Nomau Musa Dogo, na'urar ta karɓa. Sauran ba ni da hotonsu, da ina da shi wallahi da na saka kowa. Na san ya hana. Amma na zauna gaban allon nan tun safe, sunansa yana gabana, abin da ke tsakaninsa da buhun gero danna yatsa ɗaya ne. Ke ma da ke ce ba za ki iya ba.

Ranar Asabar ki san yadda za ki yi ya je wurin rabon, ko da sunan raka Nomau Gajere ne. In ya ji sunansa a gaban jama'a, ai ba zai ƙi tashi ba. Ya yi fushi da ni daga baya, na yarda.

Mutari


Birni, Damagaram
17 ga Yuni, 2012

Zuwa ga Yayata Hajara,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, ina yi muku barka da ruwa. Nan ma an kwana ana yi, lungunan Birni duk sun cika. Yaya kwanan zulumi? Allah ya sa mu ji alheri.

Takardarki ta zo, na karanta ta har ta fara yagewa a naɗi. Duk abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne, ba zan kare kaina ba. Na yi gyaran gangar Abzinawa. Ina ta ganin abin a idona kamar ina wurin: an kira Nomau Musa Dogo sau uku, cikin duk waɗanda aka goge shi kaɗai, kowa ya juyo yana kallonsa, shi kuma ya sunkuyar da kai bai motsa ba har aka wuce. Kin ce wani ya ɗaga murya ya ce ashe Mai-Goge ta san uban mai ita. Shekara sittin da huɗu Baba ya yi a garin nan ba a taɓa jifansa da irin wannan magana ba, sai da ɗansa ya yi karatu.

Maganar ta riga motar proje isowa Damagaram. Da can ana cewa na'urarmu mayya ce, yanzu an ce mai son kai ce, kuma wannan karon suna da shaida. Proje ya soke aikinmu, ya ce zai koma rubutu da hannu ta wurin masu gari, amma sabon jerin ba zai fito ba sai watan takwas. Malam Tahiru bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tara mu ya ce manhajar yanzu ba ta da aibi ko ɗaya, ya duba da kansa, amma ba a sayar wa mutane abin da suke tofar da yawu in sun ji sunansa. Ya sauke allon sunan kamfanin daga ƙofa da hannunsa. Wasila abokiyar aikinmu ta yi ta kuka, ita da ba ta taɓa sashen nan ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan tafiyar da Baba ya yi ba sallama. Na bi tasha na tambayi direbobi, na buga wa mutanenmu na Matamai da na Kano. Wani ya ce ya ga dogon dattijo da sanda ya hau motar kudu daga Takieta washegarin rabon, bai san inda ya sauka ba. Mutumin da bai taɓa zuwa cin rani ba ko a ƙuruciyarsa, yau shi ne a hanya, saboda ya kasa haɗa ido da mutanen garinsu. Kin ce bai taɓa irin shukan ba, ya bar shi a rataye, ya ce wa Inna kada a sauke ko me za a yi. In ya bugo miki, kada ki ce masa ya yafe mini, lokacin wannan bai yi ba. Ki ce masa kawai an yi ruwa.

Zan taho ranar Talata da motar kasuwa. Ƙasa ba za ta jira ba, in aka ƙara kwana huɗu laimar ta tafi, kuma babu wani namiji a gidan da zai yi shukar. Na san yadda za a kalle ni, ban kuma roƙi kowa ya amsa mini sallama ba. Abu ɗaya nake roƙonki. Ki fito da sassafe ki raka ni gona, ki tsaya ki nuna mini inda ta Baba ta fara da inda ta ƙare, don ni na daɗe da manta iyakarta.

Ki gaida Inna. Ki ce mata ina zuwa, in za ta yarda ta gan ni.

Ƙaninki,
Mutari Nomau