Tsagewar Bangon Ɗakin Auta

Zuwa ga ɗana magini,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ka yi haƙuri da rubutun, da hannuna na yi, don kada zancen ya shiga kunnen maƙwabta.

Tsagewar nan ta bangon ɗakin ƙanwarka Auta ta sake ɓullowa, wadda ka shafe da siminti bara ka bi da fenti. Da farko kamar zare take, yanzu farcena yana shiga. A ƙarƙashinta Auta take kwana da jaririnta. Ka zo ka gani.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka

Inna,

Ina gaisuwa da girmamawa. Rubutunki ya fi nawa kyau yanzu, ajin yamman nan bai ci kuɗin banza ba.

Bene muke ɗagawa, mai aikin ba ya barin kowa ya motsa. Shafe yakan dare idan ya sha rana, ba lallai bangon ba ne. Ki yanki takarda, ki shafa mata gam, ki manna ta a gicciye kan tsagewar. Idan bangon yana buɗewa, za ta yage. Kafin nan ki rage zuba masa ido, kada ya ji kunya.

Ki huta lafiya.
Ɗanki

Ɗana,

Ina gaishe ka. Na manna, kuma ban rage kallo ba.

Auta tana ta cewa tsagewar dawowa ta yi. Na ce mata dawowa sai wanda ya tafi. Wannan ɓullowa ce, kamar ƙurjin da aka rufe da hoda. Duk shekarar nan da muke yabon fentinka tana ciki tana aikinta. Wannan ne yake hana ni cin abinci.

Takardar ta ɗame sosai. Na roƙi Auta ta koma ɗakina, ta ƙi, wai gadona ya yi kaɗan, kuma ina minshari.

Allah ya tsare ka a saman benen.
Mahaifiyarka

Ɗana,

Gaisuwa. Takardar ta yage yau da hantsi, a kan idona. Ban tsaya gardama ba, na goya jaririn na fita da shi. Uwarsa ta biyo ni da gidan sauro tana mita.

Ka zo. Kada ka zo da fenti.

Allah ya kawo ka lafiya.
Mahaifiyarka